Ƙato Mai Guduma Biyu, Na Da da Na Yanzu

Ina tsugune ina tsintar shinkafa a faifai da hantsi, sai wani kiɗa ya fito daga wayar ƙanen mijina. Hutun makaranta ne ya kawo shi wurinmu Mafara, yana kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. An yi wa kiɗan ado, an ƙara masa ganguna da bushe-bushe, amma nan take na gane shi, kamar yadda mace ke gane ƙawarta ta ƙuruciya ko an cika mata fuska da kwalliyar amarci. Hannuna ya tsaya cak cikin shinkafa.

Ɗiyata ta fari tana leƙen wayar ta bayan kafaɗarsa. Can sai wani abu ya yi gurnani a ciki. Ta ƙwalla ƙara, ta sheƙo a guje, ta tusa fuskarta cikin zanena har faifan ya kusa kifewa. Ina jin zuciyarta tana bugawa a cinyata.

Bari in faɗa muku abin da ke hana ni sukuni game da yarinyar nan. Tsoro gare ta, irin wanda ba ya jin lallashi. Ƙarar injin niƙa, zakaran maƙwabta, baƙon da ya yi sallama da babbar murya, duk ɗaya ne a wurinta: ta runtse ido, ta nemi bayana. Ta kai shekarun shiga aji, amma ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da hannuna cikin nata. Mutane na cewa za ta daina. Ni kuwa na san inda ta samo shi, shi ya sa nake kwana ina tunanin ko a nono na ba ta. Don ni ma haka nake, kuma har yau ban gama warkewa ba.

A wani ƙauye gefen Morai na tashi, cikin gidan kakanmu wanda ya rasu tun kafin in yi wayo. Babban gida ne na ƙasa, da rumbuna a bayan ɗakuna, da tsohon turmi na ƙirya wanda bakinsa ya side don aiki. Akwai Baba da Inna, akwai Gwaggo ƙanwar Baba, akwai Baba Ƙarami mai noman albasa a bakin ruwa, sai yayana da sauran yaran gida. Sama da kowa kuma akwai Kaka, mahaifiyar Baba. Yanar ido ta rufe mata gani tun ina ƙarama. Tana ganin haske da duhu, tana ganin giftawar mutum, amma fuska sai dai ta shafa. Kunnenta kuwa, ko akuya ce ta taka dandamalin rumbu za ta faɗa maka wacce ce.

A gidan nan ni ce abin dariya. Kaza mai 'ya'ya ta sha kora ta har ɗaki. Ban taɓa leƙa rijiya ba. In hadari ya haɗu, kowa na murna, ni ina ƙarƙashin gadon Kaka na toshe kunne.

Kullum da rana ana kirɓin dawo a gidanmu, don wata Bafulatana ƙawar Kaka tana kawo nono kafin azahar, kuma Baba ba ya cin komai da rana sai fura. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙamshin nan: gero da citta da kanumfari, an tsamo curin daga tafasasshen ruwa yana tururi an juye a turmi. Inna da Gwaggo su tsaya da taɓare, wannan ta buga, waccan ta buga. Mutum na uku kuma ya tsuguna a gindin turmi da ƙwaryar ruwa, yana tsoma hannu yana juya dawon tsakanin bugu da bugu don kada ya manne gefe guda. Wannan aikin na Kaka ne, da makantarta da komai, kuma taɓarya ba ta taɓa ko shafar farcenta ba.

Wata shekara sanyin ƙashi ya kama mata wuyan hannu. Duk gidan aka ɗauka yayar wani ko ƙanwar wani za ta kira. Sai ta kira ni.

Na tsuguna. Taɓarya ta ɗaga sama, na ga ƙasanta baƙi ƙirin yana saukowa, na janye hannu na fashe da kuka. Kaka ta laluba ta kama kunnena, ba da zafi ba, ta ce, “Kak ki dibi taɓarya. In kin dibe ta, ita ka cin ki. Saurara dai. Ta Innarki tim, ta Gwaggonki tam. Bayan biyun nan akwai wani ɗan ɗaki, ba kowa ciki. Nan za ki shiga, ki hito.”

Ta sa na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Ta riƙe wuyan hannuna, ita ke tura shi ita ke janyewa. Tim, tam, shiga. Tim, tam, shiga. Dawon da zafi, ruwan da sanyi, iskar taɓarya tana wucewa ta bayan hannuna. Ban san lokacin da ta sake ni ba. Daga ranar juyi ya zama nawa. Ban daina gudun kaza ba, kada ku ce na yi muku ƙarya. Amma a gindin turmi kaɗai, duk duniya, ba na jin tsoro.

Da bazarar shekarar, Baba Ƙarami ya bi motar albasa zuwa Kudu, ya dawo da wani abu cikin kwali: ɗan akwati mai ramin saka kaset a ka, da abin latsawa mai igiya. Ya ce sunansa gem. Ya aro talabijin fari-da-baƙi da batirin mota wurin abokinsa na Bakura, don mu ba mu da wuta. Baba ya dube su ya ce kayan shagala ne, ba za a ajiye masa su a zaure ba. Kaka ta ce to a kai ɗakinta, ta ga wanda zai shiga ya fitar. Ɗakin nata dama shi ya fi duhu, hoto ya fi fita. Aka yi ƙa'ida: sai bayan la'asar, sai an wanke allo, kuma da kiran magariba a kashe.

Ran Talata Baba Ƙarami zai ɗaure batirin a bayan keke ya kai Mafara a yi masa caji, ya dawo da yamma yara suna bin sa da gudu kamar ya ɗauko amarya.

Wasan na wani ɗan tsurut ne mai takobi. Zai ratsa daji, ya ƙetare ruwa, ya hau dutse, har ya kai wani baƙin gida. Hanyar da tsawo, kuma babu afuwa a cikinta. In rayukanka suka ƙare, ka koma farko. In ɗan akuya ya shigo ya taɓa wayar batir, ka koma farko. Yayana ya taɓa kaiwa bakin baƙin gidan aka kira salla, Baba Ƙarami ya zare waya, yaron nan ya yi alwala da hawaye.

A cikin baƙin gidan ne ƙaton yake. Mu dai abin da muke kiransa ke nan, Ƙato. In na faɗa muku kamanninsa za ku yi dariya. Da 'yan ƙananan murabba'ai aka haɗa shi kamar saƙar tabarma, idanunsa ɗigo biyu farare, bakinsa ba ya motsi. Guduma a hannun dama, guduma a hagu. Amma da yake ba a zana masa komai sosai ba, sai kowa ya ƙarasa zanen a cikin kansa. Yayana ya rantse yana da fiƙa. Wani ya ce ƙaho gare shi. Ni ta tsakanin yatsuna nake ganinsa, daga bayan asabari, kuma nawa ya fi na kowa muni.

Duk bazarar nan babu wanda ya kashe shi. Samari sun zo daga wasu gidaje sun gwada. Da an shiga, sai ka ji ƙwam, ɗan tsurut ya baje. Suna kallon gudumar ne suna ƙoƙarin kauce mata, in sun kauce wa ta dama ta hagu ta same su.

Sai Baba ya yanke magana. Ya ce da zarar ruwan shuka ya sauka a naɗe kayan nan, talabijin da batir su koma Bakura, yara su kama gona. Kowa ya san in Baba ya ce haka, an gama.

Ranar da nake son ba ku labari, tun azahar gabas ta yi baƙi. Iska ta tsaya, zafi ya danne gari, ana jin ƙamshin ruwa daga nesa. Batirin ma ya kusa mutuwa. Ku da ba ku san irin talabijin ɗin nan ba, in caji ya yi ƙasa hoton ne yake tsukewa, baƙi ya riƙa cinye shi daga gefe a hankali. Yayana ke riƙe da abin latsawa, gumi har gwiwar hannu. Ya yi wasa mai kyau ranar, ya kai gaban Ƙato da sauran rayuka. Ƙato ya cinye su ɗaya bayan ɗaya har saura guda. Ya danna abin tsayarwa, ya kifa kai a gwiwa.

Kaka na zaune bakin gado da carbinta. Duk watannin nan ba ta taɓa tanka wasan ba. Sai muka ji ta ce, “Wanga ƙato naku, ai lugude shika yi.”

Baba Ƙarami ya ce wa mahaifiyar tasa, “Inna, mi kinka ce?”

“Na ce daka shika yi. Tun bazara nika jin shi. Ku ba wagga ɗiya abin.” Ta nuna asabari da haɓa, daidai inda nake laɓe.

Yayana ya ɗago. “Kaka, wagga? Ita da kaza ka kora?”

“Kai hannunka ya taɓa shiga turmi?”

Aka kwashe da dariya. Na so in gudu, amma Gwaggo da ta zo kwashe shanya tana bayana, ta turo ni ciki. Abin da ban manta ba shi ne yayana. Na ɗauka zai hana. Ya dube ni, ya dubi hoton da ke tsukewa, sai ya ja ni ya zaunar tsakanin ƙafafunsa, ya ɗora mini manyan yatsuna da kansa. “Wanga gaba da baya. Wanga sara. In kin kashe muna shi a banza, ni da ke ne.”

Abin latsawar da ɗumi, jiƙe da guminsa. Na ƙi kallon Ƙato. Na kafa ido a ƙafafun ɗan tsurut, can ƙasan hoto, na buɗe kunne. Aka saki wasa. Sai na ji shi. Wallahi na ji shi sarai kamar ina gindin turmi: ta dama tim, ta hagu tam, sannan ɗan ɗakin nan da ba kowa ciki. Kaka ta kifa ƙwarya a cinya tana bugawa da yatsa. Tim, tam, na shiga na sara na fito. Tim, tam, na shiga na sara na fito. Da farko yara na ihu, daga baya suka yi shiru, sai numfashi. Ƙato ya ƙara sauri, Kaka ta ƙara sauri, ni ma na ƙara, don Inna da Gwaggo in suna nishaɗi sun fi haka sauri. Hoton ya tsuke har ya koma kamar tafin hannu biyu. Iska ta fara kaɗa ƙyauren ɗaki.

Na shiga na sara, sai kiɗan ya yanke.

Na ɗauka batir ne ya mutu. Na ɗaga kai, karo na farko na dubi Ƙato ido da ido, sai na ga yana zubewa. Murabba'an nan suna warwarewa suna faɗuwa kamar katangar ƙasa cikin ruwan Agusta. Ɗan tsurut ya ɗaga takobinsa. Wani rubutu ya fara hawa sama, ba wanda ya iya karanta shi cikinmu, ba kuma wanda ya damu.

Ɗakin Kaka bai taɓa jin irin ƙarar nan ba. Yayana ya ɗaga ni sama har kaina ya bugi azara. Gwaggo ta rangaɗa guɗa kamar an kawo lefe. Inna ta shigo da muciya a hannu tana tambayar wa ya ƙone. Baba da kansa ya taso daga zaure ya tsaya bakin ƙofa, fuska a ɗaure.

“Lahiya?”

Baba Ƙarami ya ce, “An kashe shi, Yaya.”

“Wa ya kashe shi?”

Aka nuna ni. Baba ya daɗe yana kallona. Ya cire hula ya sosa kai, ya mayar. “Ita?” Sai ya juya da sauri, amma na riga na ga haƙoransa. Kafin a kira magariba ruwa ya kece, kuma ranar ban shiga ƙarƙashin gado ba, don ban ma lura ba sai da aka ɗauke. Washegari kowa ya fita shuka, kayan suka koma Bakura a bayan keke, ban sake ganinsu ba.

Shekaru sun tafi. Karatuna bai wuce firamare ba. Kaka ta rasu da kaka, ana cikin yankan gero. Aure ya kawo ni Mafara, gidan siminti mai wutar sola. Gero a inji muke kai shi, fura kuwa sayenta muke a ƙulle cikin leda. Turmina ƙarami ne, daddawa da barkono kaɗai ya sani.

To, ku dawo tare da ni ƙarƙashin darbejiya, ɗiyata na maƙale a zanena. Na ce wa ƙanen mijina, “Kai ɗan boko, wannan ba wasan Ƙato mai guduma biyu ba ne?”

Ya tashi zaune. “Matar Yaya, ina kika san shi? Tsohon wasa ne aka sake ginawa sabo. Kwana da kwanaki ina fama da na ƙarshen nan.”

“Na kashe shi kana cikin zanen goyo.”

Ya yi dariya har da buga ƙafa. “Ke? Ke da in an ƙwanƙwasa ƙofa sai kin ce innalillahi? Ungo, Allah ya ba mu rai mu sha kallo.”

Na goge hannu na karɓa. Abin da na fara gani ya sa na kusa mayar masa. Sun yi wa Ƙato jiki. Yana da fata, yana da jijiyoyi, ƙirjinsa na hawa da sauka, yawu na zuba daga bakinsa. Yana magana da Turanci cikin wata murya kamar daga rijiya. Baƙin gidan ya zama fada mai ginshiƙai da wuta tana ci a bango. Kuma ashe yayana ya yi gaskiya, da fiƙa. Amma abin mamaki, bayan na ɗan kalle shi ta wutsiyar ido, sai na ga bai kai na da ban tsoro ba. Wannan an gama zana shi, iyakarsa ke nan. Na da kuwa ba shi da iyaka, don ni ke ƙara masa.

Sauran bambancin duk na ga kamar raini ne. Babu maɓalli, gilashi ne sumul kake shafawa. An sa wani jan layi a sama mai nuna saura nawa ya mutu, alhali mu sai dai mu yi ta sara da tawakkali. In an kashe ka kuma ba ka komawa daji, a bakin ƙofarsa za ka farka, ka sake shiga, sau nawa ka ga dama. Na ce a raina, wannan ai ba yaƙi ba ne. Ran da ba ya ƙarewa, me za a ji tsoro a kansa, me kuma za a yi wa guɗa?

Na kafa ido a ƙafafun ɗan tsurut, wanda shi ma yanzu ya zama saurayi da takalma. Na nemi bugun a ƙarƙashin gangunan nan. Yana nan. Tim, tam, na shiga na sara na fito. Ƙanen mijina ya daina dariya. Jan layin ya yi ta raguwa har ya kai rabi. Ina cewa an gama, sai na ji tim, na jira tam, ba ta zo ba. Na shiga, sai ƙwam.

Na sake, haka. Na kuma sakewa, haka. Daga rabi sai Ƙato ya ɓata lissafin. Ƙanen mijina ya ce, “Ai ba kya kallonsa ne. Cilla gudumar yake sama, ya tafa, ya cafe. Idonsa na yin fari kafin ya cilla.”

Na sa ya yi ina kallo daga gefe. Sai na gane abin. Gwaggo ce! Haka take yi in daka ya yi daɗi, ta wurga taɓarya sama ta tafa hannu ta cafe, kuma duk ranar da za ta yi mini haka a kan dawo sai ta ce “hattara” tukuna. Wannan ba ya cewa hattara. A fuskarsa kaɗai yake nunawa, ba ya kuma yi a lokaci guda. Tsohon Ƙato kunne ya ishe shi. Sabon yana son kunne da ido tare. Shi ƙanen mijina yana da idon, bugun ne ba ya ji, sai ya shiga da wuri ko a makare. Ni ina da kunnen, amma da na ɗaga ido na haɗu da fuskar nan sai bugun ya kuɓuce mini, yatsuna su rikice.

Ya ce bari ya riƙa faɗa mini. Na ce a'a. Wani tunani ne ya zo mini, na dubi ƙeyar da ke lafe a cinyata.

“Ke, za ki duba mini idonsa?”

Ta girgiza kai ba tare da ta ɗago ba. Ban matsa mata ba.

Washegari na aro babban turmi wurin maƙwabciyata, wata dattijuwa 'yar garin Kaya da har yanzu ba ta yarda da furar leda ba. Na jiƙa gero, na surfa, na yi komai yadda Inna ke yi. Da dawo ya dahu na roƙi dattijuwar ta kama mini taɓarya guda. Na zaunar da ɗiyata a gindin turmi da kwanon ruwa, na faɗa mata maganar ɗan ɗakin nan da ba kowa ciki.

A nan ne na koyi abin da ban sani ba duk tsawon shekarun nan. Da na ɗaga taɓarya na hango ɗan hannun nan a bakin turmi, yatsu kamar tsinken tsire, sai tsoro ya kama ni. Ashe mai hannu a turmi ba ita ce ta fi jin tsoro ba. Na tuna Inna, yadda take yin shiru ranar da na fara juyi, ko waƙar daka ba ta yi. Na tsaya da taɓarya a sama na kasa saukewa. Dattijuwar ta harare ni. “Ke, in za ki buga ki buga daidai. Mai rawar hannu ita ka ji ma yaro ciwo. Riƙe bugunki, ita ta san nata.”

Na yi bisimilla na buga. Mun fara a hankali kamar masu jinya. Yarinyar ta yi kuka, ta janye, ta dawo. Dattijuwar ta riƙa yi mata kirari tana zolayarta, wai amaryar jikanta ba ta iya juyi ba, sai a maida ta gidansu. Kafin dawon ya yi laushi, hannun nan na shiga yana fita, tana faɗin “tim, tam” da bakinta. Da muka ƙara kwana muna yi, dattijuwar ta ce mata, “Yanzu dibe ni. In na ɗaga gira, cillawa za ni yi, ki dakata.” Ta ɗaga gira, ta wurga taɓarya, ta tafa. Ɗiyata ta dakata, sannan ta ƙyalƙyale da dariya. Rabon da in ji wannan dariyar a gaban baƙo, na manta.

Ana gobe ƙanen mijina zai koma makaranta, bayan la'asar, na ce ya kawo wayar. Mijina ya dawo daga kasuwa yana shan furar da muka dama, yana kallonmu kamar waɗanda suka taɓu. Na zauna a tabarma, na ɗora ɗiyata a cinya. Na ce, “Ni ƙafafu zan duba. Ke ce idona. In nasa ya yi fari, ki faɗa.”

Muka shiga. Gurnanin farko ta ƙanƙame mini hannu, na ji ta runtse ido, don jikinta duk ya ƙage. Na ci rabin farko da kunne. Da jan layin ya kai tsakiya na ce a hankali, “To, ga shi nan fa. Ni ba na gani.”

Tim, tam. Tim, tam. Sai wata 'yar murya ta ce, “Fari.”

Na dakata. Gudumar ta sauka a gabana, ƙasa ta tsage, ban mutu ba. Na shiga na sara.

“Fari, Mama! Fari!”

Yanzu ba raɗa take ba. Ta tashi tsaye a kan cinyata, hannu ɗaya a wuyana, hancinta kusan a kan gilashi. Mijina ya ajiye ludayi. Ƙanensa na ta faɗin “saura kaɗan, Matar Yaya, kar ki ba mu kunya”. Ƙato ya yi ruri, wuta ta cika fadar, ɗiyata ta mayar masa da ihu, “Ƙarya kake! Fari!” Na dakata, na shiga, na sara.

Wannan bai zube kamar katanga ba. Durƙusawa ya yi, gudumomin suka sulale, ya yi wani dogon jawabi da Turanci, sannan ya zama toka iska ta kwashe. Ban tsaya jin fassara ba. Guɗa ce ta ƙwace mini, ni da ban taɓa yin guɗa a gaban mijina ba. Dattijuwar ta leƙo ta katanga ta amsa da tata. Ƙanen mijina ya cire hularsa ya kifa wa ɗiyata a ka, ya ce daga yau ya sallama, ni ce babba. Mijina ya ɗauki 'yarsa yana juyi da ita, yana tambaya, “Ke kika kalle shi? Da idonki?” Tana cewa, “Har haƙoransa na gani, Baba. Ba ya wanke baki.”

In kun tambaye ni wanne ya fi wuya, zan ce na da, don rai ɗaya muke da shi da batir mai mutuwa da hadari a gabas. In kun tambaye ni wanne ya fi kyau, na yanzu ne, ba gardama. Zamani ya sauƙaƙa abubuwa da yawa, ya kuma kwashe wasu bai tambaye mu ba. Yaran yanzu ba su san zafin dawo a tafin hannu ba, ba su san a jira Talata ba. Na daɗe ina ganin duk asara ce. Amma akwai abu guda da na raina a sabon wasan wanda yanzu na janye maganata a kansa.

Bayan an gama murna, ɗiyata ta miƙa hannu ta ce ita ma za ta yi, ita kaɗai. Bakina ya buɗe zai ce a'a, za ki tsorata, sai na rufe shi. Ƙanen mijina ya mayar da wasan bakin ƙofar Ƙato ya ba ta. Ta shiga da gudu, ko sara ɗaya ba ta yi ba guduma ta baje ta. Na miƙa hannu, na buɗe zanena ina jiran fuskarta.

Ba ta ko waiwayo ba. Ta yi tsaki irin na manya, ta gyara hular da ta rufe mata ido, ta ce, “Ya ci wannan. A sake.”